Maƙalin Sikin Khairat

Uwais ya yanke ɗaurin kwali na huɗu, ya zaro siki biyu ya jingina su da bangon sito. Sabbin kaya ne na kakar sanyin bana. Siki dogayen katakai ne da ake maƙala wa takalmi a zame da su a kan dusar ƙanƙara. A Riyad babu ƙanƙara sai ta firji, amma masu hali kan sayi kayansu a wannan shago kafin su hau jirgi zuwa duwatsun Jojiya ko Suwizalan.

Shi da Dalhatu, dattijon da ya samo masa aikin, sun raɗa wa kayan sunaye. Akwai mai faɗi, na waɗanda ke barin hanyar da aka share su faɗa gangaren dutse. Akwai mai baki biyu, lanƙwasasshe gaba da baya, na masu tsalle da juyi.

"An zana shi a Ostiriya," in ji Uwais yana karanta jikin kwalin. "An matse shi a wata masana'anta a Sin. Maƙalin kuma daga ƙasar Cek."

"Ka ji kayan da ya fi mu yawon duniya," in ji Dalhatu, "kuma ba wanda ya taɓa tare shi ya ce ina igamarka, takardar izinin zama."

Wani ɗan littafi ya faɗo daga kwalin. Irinsa Dalhatu kan tattara ya zuba a shara, domin a cewarsa hannu ke aiki, takarda ta masu ofis ce. Wata uku Uwais yana kallon ana zubarwa, shi da ke da difloma a aikin injiniya, bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Yau ya buɗe don kawai ya huta bayansa.

A shafi na shida ya tsaya. Ya sake karantawa.

A jikin maƙalin, wato ƙarfen da ke riƙe takalmi a kan siki, akwai noti da wata 'yar taga mai lambobi daga huɗu zuwa sha uku. Littafin ya ce ana saita lambar ne da nauyin mutum da tsayinsa da gwanintarsa, don in ya faɗi maƙalin ya saki takalmin. In an matse ya wuce kima ba zai saki ba. Sikin zai murɗe, ƙafar ta bi shi, ƙashi ko gwiwa ya tafi.

Su kuwa a wannan sito, kowane noti sai sun kai shi ƙarshe.

Ranar Litinin Dakta Maimunat, wata likita 'yar Najeriya, ta zo da 'yarta Khairat, siririyar yarinya mai shekara goma sha tara da Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Mai baki biyu ta zaɓa. Uwar ta leƙo sito ta ce, "Ɗana, amana ce, ka ɗaure mata da kyau." Ya ɗaure kuwa, har sukundireba ta yi masa shata a tafin hannu. Sha uku. Yanzu ya bi jadawalin littafin da yatsa. Mai jikin Khairat biyar ya kamata a sa mata. Kuma da bakinta ta ce masa ranar Laraba za ta tashi zuwa Jojiya, Alhamis da safe ta fara hawa dutse. Yau Alhamis.

"Kawu," ya ce wa Dalhatu. "Zo ka ga wani abu."

Dalhatu ya saurara har ƙarshe, yana goge hannu da tsumma.

"Injiniya ke nan. Shekara tara na ja tirela tsakanin Kano da Legas. Kaya sako-sako shi ke kashe mutum. Yanzu takarda za ta ce mini a bar noti a kwance?"

"Mutum ba buhun siminti ba ne, Kawu. An yi abin ne don ya saki."

"Sanyi biyu ina ɗaurawa haka. Wa ya dawo ya ce an cuce shi?"

"Wanda ƙafarsa ta karye a bayan duniya zai dawo ya tambayi noti? Cewa zai yi ƙaddara ce, mu ma mu taya shi da Allah ya sawwaƙe!"

Haka muke, Uwais ya ce a ransa. In dai ba a kama mu ba, to daidai muke yi. Mutum ya shekara yana aiki da abin da bai taɓa tambayar amfaninsa ba, in ka yi magana a ce ka cika rawar kai.

Dalhatu ya leƙa ƙofa, ya dawo ya rage murya. Wasan ya bar fuskarsa.

"Lambar wayar yarinyar tana ina?"

"A kwamfutar Mudir," in ji Uwais, yana nufin manajan shagon.

"To ka ji. Kana buɗe baki zai tambaye ka guda nawa ne, wa ya koya maka. Kafin la'asar an buga mana huruj, an mayar da mu gida, ni da kai. Shekara sha huɗu nake ƙasar nan, yara uku suna makaranta a gida. Ni na tsaya maka har aka ɗauke ka, Uwais. Ƙila can ma su duba mata. Ƙila ba za ta faɗi ba."

"Mai tsalle da juyi ce ba za ta faɗi ba?"

Uwais ya duba wayarsa. Tara saura minti goma. Jojiya ta riga Riyad da awa ɗaya, kuma yarinyar ta ce ƙarfe goma ake buɗe dutsen.

Daga sito zuwa ofishin manaja taku ashirin ne. Ya yi biyar ya tsaya a bayan rigunan sanyi. Ya tuna ɗakin unguwar Batha da suke kwana su shida, da mutumin gadon ƙasa da aka mayar gida bara da jaka ɗaya. Ya tuna mahaifiyarsa tana gaya wa maƙwabta ɗanta injiniya ne a Saudiyya. Sai ƙafar Khairat ta faɗo masa a rai, 'yar siririya cikin ƙaton takalmin nan da ya gwada mata. Ya ƙarasa.

Mudir yana shan gahawa. Uwais ya ajiye littafin a gabansa, a buɗe a shafi na shida, ya harhaɗa ɗan Larabcinsa da Turanci ya yi bayani. Mutumin ya karanta. Ya ajiye finjalin a hankali.

"Guda nawa?"

"Duka, ya Mudir."

"Wa ya ce ka yi haka?"

"Ba wanda ya ce kada in yi."

Mudir ya ɗago ya dube shi. Shi ma bai taɓa buɗe littafin ba, bai taɓa aika kowa koyo ba, kuma Uwais ya ga tsoro ya shiga idonsa kamar yadda ya shiga nasa. Mudir ya nemo lambar yarinyar, ya juyo masa da fuskar kwamfutar.

"Da wayarka za ka kira. Yalla."

Uwais ya buga lambar. Wayar ta yi irin doguwar ƙarar nan ta ƙasar waje. Ɗaya. Biyu. Biyar. Ta katse. Ya sake kira, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

"Alo?" Iska na kaɗawa a bayan muryar.

"Khairat? Uwais ne, na shagon siki. Kina ina?"

"Ya ammi!" ta ce, wato kawu da Larabci. "Wallah wurin nan *marra* kyau! Ina kan kujerar da ke hawa dutse, saura kaɗan mu kai sama."

"Ki saurare ni don Allah. In kin sauka kada ki zame ko taku ɗaya. Ki cire sikin, ki dawo ƙasa a kan kujerar, ki kai wa masu gyara su saita miki maƙalin. Na matse shi da yawa. In kin faɗi ba zai sake ki ba."

Iska kawai yake ji.

"Khairat!"

"Na ji. Mama ce fa ta ce ka ɗaure."

"Ni na ɗaure. Ki yi mini alkawari."

"*Tamam.* Wallah na yi. Zan cire."

Ya sauke wayar. Na'urar buga takarda ta fara ƙara. Mudir ya zaro shafi biyu ya miƙo masa ba tare da ya dube shi ba. Sunaye ne da lambobin waya, arba'in da shida, duk wanda ya sayi siki a shagon cikin sanyi biyu.

"Ka kira su duka. In ka gama ka bar mini makullin sito a kan tebur. Sauran magana sai na ga kafili, ubangidan da takardunku ke hannunsa."

Uwais ya fito da takardun. Dalhatu na tsaye a bakin ƙofa, da alama ya ji komai. Ya kalli shafukan, ya kalli ƙofar Mudir da ke buɗe. Sannan ya ciro tsohuwar wayarsa daga aljihu, ya fizgi shafi ɗaya.

"Kawo nan. Da wannan Larabcin naka na kanti sai su ɗauka talla kake yi."

Ya nisanta takardar daga idonsa yana neman lamba ta farko.