Mangwaron Hansai da Motar Dubai

Shekara uku ke nan Muzammil yana rufe kowace waya da magana ɗaya: "Da zarar na yi mota, Baba, za ka gan mu." Ƙanwarsa Adawiyya ta ji ta har ta haddace, don a wayarta ake kiran. Malamar firamare ce a Gaya, can take aure, amma duk Asabar sai ta hau babur ta tafi Gafasa ta duba mahaifinsu, Malam Kabo, ta wanke masa kaya, ta nuna masa hotunan jikokinsa na Abuja.

Dalilan Muzammil ba sa ƙarewa. Yara ƙanana ne, motar haya wahala ce, matarsa Sa'adiya ba ta jure doguwar tafiya a cunkushe. Rabonsa da Gafasa tun rasuwar mahaifiyarsu Hansai, ita ma ɗin sai da aka dawo daga maƙabarta ya iso. Bayan nan ya haifi 'ya mace, ya mayar da sunan marigayiyar, ana ce mata Ummi. Yarinya har ta yi baki, kakanta bai taɓa ɗaukar ta ba. Malam Kabo kuwa bai taɓa ƙorafi ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ya faɗa saboda alkunya, sai dai ya ce wa Adawiyya, "Wanki ya kira?"

Wata Asabar cikin zafin bazara ta same shi inda ya saba zama, a kan buzu a gindin mangwaron ƙofar gida. Hansai ce ta kawo dashensa daga gidan iyayenta a Toranke shekarar da ta tare. Da ruwan wanke-wanke ta raine shi, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ta yi faɗa da rabin unguwa a kansa. Tun da ta rasu Malam ba ya ambaton ta, amma ya dawo da zamansa nan gaba ɗaya, kuma kowa ya gane.

Adawiyya ta buɗe waya don ta nemo masa hoton Ummi, sai ga Muzammil ya sa sabon bidiyo. Ga shi nan a Dubai, da baƙin tabarau, cikin wata mota ruwan ɗorawa da cikinta ya kusa shafar kwalta. Ba ta da rufi, kujerunta biyu kacal, in ya taka ta sai ta yi gurnani. Sa'adiya na gefensa tana riƙe mayafi kada iska ta kwashe. A ƙasa ya rubuta da Turanci cewa sun ɗauki hayarta kwana biyar, za su zaga duwatsu da bakin teku. Adawiyya ta karanta, ta kuma gane sarai.

Malam ya karɓi wayar da hannu biyu, ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita. Ya kalla sau uku.

"Wanki ne wannan?"

"Shi ne, Baba."

"Tasa ce?"

Nan ne ya kamata ta faɗa. Kalma ɗaya ce, ko yaro zai iya. Amma ta dubi fuskar tsohon, ta ga abin da rabonta da gani tun mahaifiyarsu na da rai, sai bakinta ya yi nauyi.

"Ga shi dai shi yake tuƙawa, Baba."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam. Ya shafa fuska, ya sake faɗa a hankali.

Shi a wurinsa magana ta ƙare. Kowa ya san can waje ake sayen mota, a ɗora ta a jirgin ruwa, ta sauka Legas ko Kwatano, a koro ta Arewa. Mutum da hankalinsa zai tsallaka teku ya shiga motar wani yana dariya? Kuma a Gafasa, duk wanda ya yi abin hawa, ko da babur ne, ba ya kai shi ko'ina sai ya fara kawo shi ƙofar gidan ubansa, dattawa su dafa su sa albarka, a raba goro. Malam Kabo ya dafa motocin 'ya'yan mutane har ba ya iya tunawa. Ko watan jiya an kira shi ya dafa keken ɗan maƙwabcinsa Bappa Yusuf, ya je da fara'arsa ya yi addu'a mai tsawo, ya dawo ya zauna shiru.

Da za ta tafi da la'asar, ta gan shi tsaye a bakin lungu yana duban tsakanin mangwaron da darnin Bappa Yusuf. Wurin matsattse ne, amalanken shanu ma sai an lallaɓa yake wucewa. Ba ta kawo komai a ranta ba, ta yi masa sallama ta hau babur.

Washegari ta kira Muzammil. Sai a kira na huɗu ya ɗauka, iska na ta bugun wayar.

"Yaya, Baba fa ya ga motar nan. Ya ɗauka taka ce."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Tawa? Ke kin san kuɗinta kuwa? Kai, Baba ke nan."

"Ka kira shi ka gaya masa."

"Ke kika nuna masa, ke za ki gaya masa. Ko ma ki bar shi ya ji daɗinsa kwana biyu, me zai rage? Ina tuƙi yanzu, sai anjima."

Ta daɗe tana kallon wayar, ranta yana suya. Ta ce a ranta Asabar mai zuwa za ta zaunar da Baba ta gaya masa a tsanake, ido da ido, don irin wannan ba maganar waya ba ce. Haka ta ce. Gaskiyar kuwa tsoro take ji, kuma ta sani.

Ranar Laraba tana cikin aji Baiwa ta kira, matar ƙanin Malam, wadda ke kai masa abinci.

"Adawiyya, Allah ya sanya alheri! Ashe Muzammilu ya yi mota ba ku gaya mana ba? Ga Malam can ya kirawo Kamalu mai inji, suna sare mangwaron Yaya Hansai, wai motar ta samu hanya."

Ba ta ma tuna yadda ta fito daga makarantar ba. Ta tare ɗan acaɓa, tana ta ce masa ya ƙara wuta, shi kuma yana ce mata hanya ba kyau. Tun daga bakin gari ta san ta makara, don ba ta ji ƙarar inji ba.

Ƙofar gidan ta yi fayau kamar ba tasu ba. Rana ta kwanta a kan dakali da bangon zaure, wuraren da ba ta taɓa taɓawa ba a sanin Adawiyya. Mangwaron yana kwance an gunduwa shi, ɗanyun 'ya'yansa sun watsu a ƙasa, awaki sun samu ganye suna ta rububi. Saura sati uku ya nuna. Kamalu na durƙushe yana goge injinsa. Bappa Yusuf, don kara, ya ja darninsa baya da kusan taku biyu, har ya tuge lallen matarsa. Dattawa huɗu sun rakuɓe a 'yar inuwar katanga suna cin goro.

Malam kuwa yana tsakiyar rana da igiya a hannu, yana awo. Da ya gan ta sai ya washe baki.

"Kin zo a daidai. Nan za a kafa rumfar kwano. Na ga ba ta da rufi, irin wannan ba a barin ta a rana. Kututturen ne ya rage, gobe za a tone shi, don na lura cikinta a ƙasa yake."

"Baba," ta ce, "mangwaron Inna ne."

Ya naɗe igiyar a hannunsa. "Na sani. Da tana nan da kanta za ta ce a sare. Ai takwararta ce za ta shigo ta nan." Ya kau da kai ya dubi lungun. "Kirawo mini wanki ya gani da idonsa. Ya gaya mana ranar da jirgin zai sauka, mutane suna tambaya."

Adawiyya ta so ta ja shi cikin zaure, daga ita sai shi. Amma dattawa sun riga sun taso, Bappa Yusuf na cewa a bari su ma su yi wa yaro murna. Sai ta ce a ranta, to, ya faɗa da bakinsa, ni na gaji da ɗaukar masa kaya. Ta danna kiran bidiyo ta miƙa wa mahaifinta.

Wannan karon bugu ɗaya ya ɗauka. Sun tsaya a gefen wata hanya mai santsi da ta naɗe jikin dutse, motar na bayansa tana sheƙi, Sa'adiya na ɗaukar hoto.

"Baba! Ina wuni? Ka ganmu nan kan dutse."

"Lafiya lau. Allah ya sanya alheri, ya tsare, ya sa a kashe lafiya." Dattawa suka amsa da amin. Malam ya juya wayar yadda ya ga Adawiyya na yi, ya nuna lungun, ya nuna darnin, ya nuna kututturen. "Ka ga mun buɗe mata hanya. Har ƙofar zaure za ta shigo."

"Wa za ta shigo, Baba?"

"Motar mana."

Muzammil ya cire tabarau. Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda ya taka abu a gaban baƙi. "Ayya, Baba, ai ba tawa ba ce. Haya muka ɗauka, gobe ma zan mayar. Adawiyya ba ta gaya maka ba?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya daina taunar goronsa. Adawiyya ta sunkuyar da kai, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Haya," in ji Malam.

"Eh, Baba. Nan abin ba wuya. Ka nuna fasfo da lasin, ka sa hannu, su miƙo maka makulli. Minti goma an gama." Yana magana da sauri, yana ƙara bayani, kamar bayanin ne aka rasa. "Kowa haka yake yi in ya zo hutu. Baba, wai mangwaron kuka sare? Haba, da an tambaye ni mana."

Malam ya gyara riƙon wayar, ya kawo ta daidai fuskarsa.

"Yanzu nan da kake, ina za ka?"

"Wani gari ne a bakin teku. Tafiyar kamar awa huɗu."

"Wa kake da shi a can?"

"Ba kowa, Baba. Tuƙin ne kawai, a ga hanya, a sha iska."

"Awa huɗu. Ba kowa." Malam ya jinjina kai a hankali. "Yaran fa?"

"Suna Abuja wurin kakarsu. Ka ga motar mutum biyu take ɗauka."

"Na gani." Malam ya dubi kututturen. "In ka sauka a Kano, babu masu miƙa makullin nan?"

A bayan Muzammil, Sa'adiya ta sauke wayarta.

"Don daga Kano zuwa nan," in ji Malam, "ko awa biyu ba a yi. Kuma akwai mutum a ƙarshen hanyar."

"Baba, wallahi ba haka ba ne. Da zarar na…"

"To, Muzammilu. Allah ya tsare hanya."

Ya miƙa wa Adawiyya wayar. Ita kuwa ta tsaya riƙe da ita ba ta ko kashe ba. Shekararta talatin da huɗu a duniya, yau ta fara jin sunan nan a bakin mahaifinta, ya faɗe shi garau kamar yadda yake kiran ɗan kowa a unguwa.

Dattawa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da abin yi. Bappa Yusuf ya tsaya yana kallon darninsa, daga baya shi ma ya shige gida. Kamalu ya saɓa injinsa, ya tambaya a hankali ko goben ya zo tonon.

"Bar shi," in ji Malam.

Adawiyya ta durƙusa a gabansa, hawaye na zuba. "Baba, na sani tun ranar Asabar. Na karanta. Ni ce ban faɗa ba."

Ya dube ta, ba faɗa a fuskarsa, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. "Ke kin zo," ya ce. "A babur kika zo."

Ya shiga zaure ya ɗauko buzunsa. Ya tsaya yana dube-dube, ya nufi inda ya saba shimfiɗawa, ya shimfiɗa a gefen kututturen. Rana na dukan tsakar kansa. Adawiyya ta ce ya dawo cikin zaure, akwai inuwa. Ya ce ta bar shi, nan ne wurinsa.

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Muzammil ne. Ta bar ta tana yi, ta ɗauko kwando ta shiga tsince ɗanyen mangwaron kafin awaki su gama da shi.