Goron da Kawu Mahmudu Ya Ba Direban Jirgi

Shekarar da jirgin ƙasa ya fara isowa Ngawundere ce yanar ido ta rufe idanun Inna. Likitan Garwa ya ce sai Yawunde, kuma a hanzarta, don mai yin aikin zai tafi hutu a ƙarshen mako. Kawu Mahmudu, ƙanen Inna, ya ce shi zai kai ta. Ni an haɗa ni da su ne don in riƙe mata hannu kawai. Kowa a gidanmu ya san ko gishiri aka aike ni in sayo sai na yi gumi kafin in buɗe baki.

Kawu ɗan kasuwa ne, rabin rayuwarsa a bayan manyan motoci ya yi ta, tsakanin Garwa da Mora da Kaele. Yana da dabara guda: ya je ya gai da direba, ya yabi motarsa, ya ba shi goro. Daga nan ko wanka ya tafi, mota ba ta tashi sai ya dawo.

Mun iso tashar Ngawundere bayan la'asar. Muka zaunar da Inna cikin tarago a bakin taga, ta ɗaure tikitocinmu a bakin zaninta. Kawu ya ce, "Hindu, taso mu je mu gai da direba."

"Kawu, Inna fa ita kaɗai ce."

"Wa zai sace ta? Taso!"

Kan jirgin yana can gaba yana ruri, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafata, warin gas ya cika wurin. Direban ya leƙo ta taga. Sunansa Fulbert, mutumin duwatsun Mora ne, Hausarsa irin ta kasuwa.

"Sannu da aiki, direba! Ina kuke zuba masa itace?"

Fulbert ya yi dariya. "Alhaji, masu cin itace da shan ruwa sun tsufa a kudu. Wannan gas yake sha. Daga Faransa aka kawo shi."

"To ina giyarsa?"

"Ba shi da giya irin ta mota. Injin yana juya janareta, janareta ya ba da lantarki, lantarki ya juya ƙafafun."

"Ikon Allah! Hindu, kin ji? Lantarki!"

Na ji. Na kuma ga mutane suna ta gudu da kaya suna shiga. Na ja hannun rigarsa, ya fizge. Sai da ya tambayi dalilin da ya sa kan jirgin yake da fuska biyu, gaba da baya, aka ce masa don kada a sha wahalar juya shi. Ya ga wani bututu kusa da ƙafa, aka ce yashi yake zubawa a kan dogo in ruwan sama ya sa santsi. Ya ce yashin wane kogi ne. Wallahi har da wannan ya tambaya.

Sannan ya zaro goro fari babba ya miƙa. Fulbert ya karɓa, ya ɓare, ya jefa a baki.

"Madalla," in ji Kawu. "Bari in je in sayo mana kilishi a bakin hanya."

"Alhaji, kar ka yi nisa. Ba ni ke tayar da jirgi ba. In mai tasha ya busa usur, na tafi."

Kawu ya kashe mini ido. "Haka duk suke faɗi."

"Kawu, don Allah..."

"Yarinya, mutumin da ya ci gorona? Je ki zauna."

Ban zauna ba. Na tsaya a bakin ƙofar taragonmu ina hango rawaninsa can wajen mai kilishi. Yana ɗanɗanawa, yana girgiza kai, yana nuna wani. Na ɗaga hannu, bai gani ba. Raina ya ɓaci har idona ya kawo ruwa.

Aka busa usur.

Inna ta kira daga ciki, "Hindu, mene ne wannan?"

In na sauko da ita, sai wani jirgin, likita kuwa ya tafi. In na shiga, ni kaɗai ce da makauniya har Yawunde, da Faransancin aji biyu. Rurin injin ya ƙaru, taragon ya fizga. Na kama ƙarfe na hau.

Sai ga Kawu a guje, babbar riga ta cika da iska, ƙunshin kilishi a hannu ɗaya, takalmi a ɗayan.

"Fulbert! Kai Fulbert! Ka ci gorona fa!"

Fulbert ya danna masa oda mai tsawo. Iyakar abin da goron ya sayo ke nan.

Ban san lokacin da na leƙa ta taga na ƙwala ihu ba: "Ka ci kilishinka, Kawu!" Duk taragon suka juyo suna kallona. Na zauna, na ja mayafi na rufe fuska.

Inna ta lalubo hannuna. "Mahmudu bai shigo ba ko?"

"Bai shigo ba."

"Tun yana yaro haka yake." Ta shafa ƙullin tikitocin a zaninta, ta gyara zama. "To, tunda ashe kina da murya, ke za ki yi wa likita bayani."