Ranar da Mai Nama Ya Sayi Kabeji

Shekara arba'in da ɗaya Mai Nama ya yi yana sayar da nama a rumfar da ke bakin ƙofar kasuwa, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa game da ganye ba. Abincin akuya ne, in ji shi, shi kuwa aikinsa ya jira akuyar ta ƙoshi. Da ƙarfi yake faɗa, don matar da ke rumfar gefensa ta ji, mai sayar da kayan lambu, wadda kowa ke kira Mai Ganye. Ita ma bakinta ba ya ciwo. Takan ce ranar da ƙafarsa ta kumbura zai zo ya bi layi kamar kowa. Shekara ashirin suna wannan, ko albasa guda bai taɓa saya a wurinta ba.

Abin da ya fi taƙama da shi hannunsa ne. In ya ɗaga cinyar rago zai faɗa maka nauyinta kafin a ɗora a sikeli, kuma sikelin ba ya ƙaryata shi. Har gida ya kai wannan gwaninta. Jikarsa Kurciya, 'yar shekara bakwai, tana zaune a gidansa tare da uwarta, wato 'yarsa, ma'aikaciyar jinya. Kullum ya dawo da yamma sai yarinyar ta sheƙo ta ɗaga hannuwa, ya sure ta sama ya ce, "Kilo ashirin da biyu, har da ƙashi!" Ta yi ta ƙyalƙyala dariya. Tun rasuwar matarsa ba abin da yake ɗoki a yini kamar wannan.

Wata Asabar uwar tana aikin safe, babu makaranta, sai ya tafi da Kurciya kasuwa. A bayan rumfa akwai wata farar akuya ɗaure. Yarinyar ta shafe safiya tana karɓo ɓawon kabeji wurin Mai Ganye tana ba ta a baki, tana yi mata hira. Da hantsi ya aike ta rumfar Mai Ganye ta zauna a inuwa. Da ta dawo ta leƙa baya, igiya kawai ta gani.

"Kaka, ina akuyar?"

Mai Nama yana tsakiyar ciniki. Da tsinin wuƙa ya nuna mata kan akuyar da ke ajiye a gefen tebur.

"Ga ta nan. Kin gani, kabejinki bai tafi a banza ba."

Shi a wurinsa raha ya yi, irin wadda mahauta ke yi wa juna tun safe har yamma. Kurciya ba ta yi kuka ba. Ta dubi kan, ta dubi hannunsa, ta koma rumfar Mai Ganye ta zauna har aka tashi.

Daga ranar ta daina cin nama, kuma da abin ya tsaya nan da sauƙi. Duk abin da ya fito daga tukunyar gidan sai ta ture, ko da farar shinkafa ce, wai ba ta san abin da aka sa a ciki ba. Burodi da shayi, sai biskit. In kakanta ya shigo da yamma ta maƙale a bayan ƙofa ta ɓoye hannuwanta. Ya jiyo ta tana raɗa wa uwarta, "Hannunsa ƙarni yake yi." Maganar ta soke shi fiye da yadda zai yarda ya faɗa.

Bayan mako uku uwar ta kai ta asibitin da take aiki, ta dawo ta same shi a tsakar gida yana wasa wuƙa.

"Baba, kilo biyu ta rage."

"Na sani. Ko daga nan ina gani."

"Likita ta ce kada a tilasta mata nama. Wake, gyaɗa, madara, kayan lambu, sun ishe ta in tana ci da yawa. Wata ɗaya aka ba mu. In ba ta farfaɗo ba za a kwantar da ita. Ni kuma wannan watan duk aikin rana nake yi. Sai dai in nemo wadda za ta riƙa yi mata girki."

"Ki nemo wa? Ganye ne fa. Ni da nake dafa ƙafar saniya har ta bar ƙashi?"

Washegari ya rufe rumfa da azahar. Ya zagaya can ƙarshen kasuwa, inda ba wanda ya san shi sosai, ya sayo kabeji da karas da alayyafo, ya ɓoye su a buhu don kada Mai Ganye ta hango. A gida ya zaro babbar wuƙarsa, ya ɗora kayan a katakon da yake datsa ƙashi, ya sassare su gunduwa-gunduwa. Ya zuba a babbar tukunya, ya cika ruwa, ya ba su wuta awa biyu cur, don a saninsa duk abin da bai daɗe a wuta ba ɗanye ne. Abin da ya kwashe ba shi da suna. Launin toka, ga wari irin na tsumman da ya kwana a ruwa. Kurciya ta leƙo daga bakin kicin, idonta ya sauka kan wuƙar da katakon, ta juya. Shi kansa cokali ɗaya ya kai baki ya nemi inda zai tofar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da safe ya tsaya gaban rumfar Mai Ganye, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Nawa kabeji?"

Ta ɗago ta dube shi daga hula har takalmi. "Ƙafar ce ta kumbura?"

"Ƙafata lafiya lau. Jikata ce."

Dariyar da ta taso mata ta koma. Ai a rumfarta yarinyar ta yi shiru ranar nan, ba sai an ba ta labari ba. Ta tura masa kujera, ta sa ya faɗa mata yadda ya yi girkin. Da ya zo kan awa biyu ta dafe kai.

"Awa biyu! Alayyafo ne fa, ba tsohon sa ba. Kafin ka gama gaisawa da maƙwabci ya nuna. Da wace wuƙa ka yanka?"

"Da wuƙata mana."

"To ka ga inda ka kashe kanka. Yarinyar nan ba ganye take gudu ba, tsoro take ji. An taɓa nuna mata abu da safe, ya zama wani abu da rana. Duk abin da aka rufe da murfi ba ta yarda da shi ba. Ka saya mata tukunyarta, sabuwa. Ka bar wuƙarka a nan ta kwana. Ita za ta wanke, ita za ta zuba, kai ka zama ɗan kallo."

"Ni ne ɗan kallo a kicin ɗina?"

"Ka yi shekara arba'in kana ba da umarni, me ya saya maka?"

Ta cika masa kwando: koren wake a cikin ɓawonsa, karas, tumatir, tattasai, albasa, alayyafo dami biyu, da lemun tsami. Lemun, in ji ta, rabi na miya, rabi ya goge hannunsa.

Da ya koma gida bai kira Kurciya ba. Ya ajiye sabuwar tukunyar a kan teburin kicin, ƙarama, takardar shago na manne a gindinta, da sabon faranti na katako da 'yar wuƙa mai dakusasshen baki. Ya zauna ya hau ɓare koren wake. Nan kam ba wasa yake yi ba, da gaske bai iya ba. Yatsunsa sun saba da fata da jijiya, in ya matsa ɓawon sai ƙwayoyin su tarwatse, wasu ƙarƙashin firiji, wasu har tsakar gida. Ɗaya ta gangara ta tsaya a ƙafar Kurciya, wadda ta ɗan jima a bakin ƙofa tana kallo.

Ta tsince ta. Ta ƙara kallon yadda yake murƙushe na gaba.

"Ba haka ake yi ba."

Maganar farko ke nan da ta yi masa cikin kwana ashirin da uku. Bai ɗago ba.

"To yaya ake yi? Ni dai sun ƙi ni."

"Ta nan ake tsagawa. Mai Ganye ta nuna mini." Ta matso, ta tsaya a ɗaya gefen teburin, ta tsaga ɓawon da farce, ta zazzage da babban yatsa. Sai ta ga tukunyar. "Ta wa ce?"

"Taki. Ba abin da ya taɓa shiga cikinta sai iska."

Ta ɗaga ta, ta leƙa, ta shinshina, ta kai famfo ta wanke da kanta. Shi kuwa ya mayar da hannuwansa baya ya riƙe, ya koma koyarwa da baki. Yanka dai yanka ne, wannan ba wanda zai koya masa. Ya nuna mata a iska yadda za ta lanƙwasa yatsu kamar kyanwa, wuƙar ta bi bayan gaɓa. Karas ɗinta ya fito wani kauri wani siriri, ya haɗiye gyaran da ya zo masa baki. Albasa kaɗai ta tura masa, ya yanka da 'yar wuƙar nan da ta ɓace a tafinsa, hawaye na zuba har gemu. Kurciya ta danne dariya, amma ya gani.

Kowane abu sai ta tambaya. Man nan na mene ne? Na gyaɗa. Gishirin fa? Gishiri ne kawai. Ya ɗauko dunƙulen ɗanɗano bisa sabo zai ɓare, ta riƙe ludayi ta tsaya cak.

"Akwai hoton kaza a jiki."

Ya duba, ga kazar kuwa. Ya jefa shi aljihu. Suka daka tafarnuwa da citta a madadinsa. Tana tsaye kan 'yar kujera tana juya albasa da tumatir, shi yana gefe yana lura da wuta. Karas ya shiga, koren wake ya bi, alayyafo a ƙarshe. Hannunsa ya yi ta ƙaiƙayin ya rufe tukunyar ya ƙara mata ko da rabin awa, amma ya tuna dafe kan Mai Ganye ya kashe wutar. Ganyen na nan kore shar.

Ta matsa lemu, ta zuba a kan shinkafar da ta wanke da hannunta, faranti biyu. Ta tura masa ɗaya ta zuba masa ido. Mai Nama ya ɗebi loma, ya tauna, karas na ƙaras-ƙaras a haƙoransa.

"Babu laifi," in ji shi. Ƙarya yake yi, ya ji daɗinsa ƙwarai.

Ta ci rabin farantinta. Tana cikin ci, ba ta dube shi ba, ta ce, "Kaka, ta ji zafi?"

Ya san wadda take nufi. "Kaɗan. Na yi sauri. Laifina shi ne yadda na nuna miki. Ban kyauta ba."

"Gobe ma za ka yanka wata?"

"Zan yanka. Sana'ata ce, da ita na raini uwarki."

Ta juya cokali a faranti. "Amma ba a tukunyata ba."

"Ba a tukunyarki ba, har abada."

Daga nan kicin ya koma hannunta. Kullum da azahar Mai Nama na rufe rumfa, yana tsayawa wurin Mai Ganye a bainar jama'a yana zaɓen tumatir, mahauta 'yan'uwansa na yi masa tsiya yana ce musu su je su auna cikinsu. Suka jiƙa wake suka dafa da kabewa. Suka niƙa gyaɗa suka zuba a miyar kabeji. Wata rana dankali ya ƙone, suka kankare suka ci a haka. Kurciya ta jawo ƙawayenta biyu 'yan maƙwabta, waɗanda iyayensu suka rantse ba sa cin ganye, ta raba musu aiki tana faɗa musu su lanƙwasa yatsu kamar kyanwa, suka suɗe faranti. Uwar ta fara tafiya aiki da ragowar a kwano. Kumatun yarinyar suka soma dawowa.

Abu ɗaya ne bai dawo ba. Har yanzu tebur na tsakaninsu. In zai miƙa mata cokali sai ya ajiye ta ɗauka. Kullum kafin ya baro kasuwa yana goge hannunsa da lemu har fatar ta fara tsagewa, bai ce wa kowa komai ba.

Ana gobe za a koma asibiti, suna jiran shinkafa ta tsotse, ya gama yanka albasa ya ajiye hannunsa a kan tebur. Kurciya ta zagayo ta gefensa. Ta kama babban yatsansa da hannu biyu, ta ɗaga tafin zuwa hancinta, ta shinshina a hankali yadda ta yi wa tukunyar.

"Albasa," ta ce. "Da lemu."

Ta ja baya taku ɗaya, ta ɗaga hannuwa sama.

"Auna ni."

Ya sure ta. Hannun ya faɗa masa nan take, ashirin da ɗaya da rabi, ba za a kwantar da ita ba. Tsohuwar maganar ta zo har bakinsa, ya haɗiye ta.

"Kabewa huɗu," ya ce, "da karas ɗaya."

"Biyu na ci jiya."

"To, da karas biyu."

Shinkafar ta fara kamawa, ƙaurin ya cika kicin. Yana ji, amma bai sauke ta ba.