Gadon Zaiba

Jiya da dare na yi wani mafarki, ni Ramlatu da ko gyangyaɗi ba na yarda ya kama ni a aji.

Na gan ni a wani gari inda ruwan sama ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, mutane suna tafiya a kan lemarsu don kada ƙafafunsu su jiƙe. Cikina yana nan yadda yake, ya yi nauyi. Tun da aka samu cikin nan ake cewa zan ajiye karatu, ban ajiye ba. Da shi nake hawa benen makaranta, da shi nake tsayuwa a ɗakin gwaji har ƙafafuna su kumbura. Lokacin girki ne kawai ba ni da shi, shi ya sa kullum abincina burodi ne da kifin tuna na gwangwani.

Sai ga ni a ofishin rabon gado. Wata akuya mai tabarau ce a kan kujera, tana taunar hannun rigarta.

"Malama, kin makara. Mamatan sun gaji da jira."

"Ba wanda ya rasu a gidanmu," na ce.

"A cikinki suka rasu. Zauna."

Na ƙi zama. Kujerar ta taso da kanta ta same ni.

A garin nan wanda ya cinye ka shi ke gadonka. Wani ɗan mitsitsin kifi ya shigo da ɗigon zaiba, gubar nan da ke taruwa a jikin kifi, a tafin hannunsa, tana ƙyalli kamar narkakkiyar azurfa. Ya miƙa wa kifin da ya haɗiye shi, suka gaisa da mutunci. Shi ma ya haɗa da nasa ya miƙa gaba. Haka aka yi ta yi, ɗigon yana girma, har aka zo kan wani ƙaton tuna mai babbar riga. Ya juye duka a ƙwarya, ya durƙusa a gabana.

"'Yata, ga amanar kakanni. Ban taɓa ko ɗigo ba."

"Baba, riƙe abinka. Ban taɓa roƙon kowa komai ba."

"Ai ba roƙa kika yi ba, buɗe gwangwani kika yi."

Akuyar ta gyara tabarau. "Kuma ba ke ce magajiyar ƙarshe ba. A shigo da yaron."

Ƙofa ba ta motsa ba. Cikina ne ya motsa.

"Me zai yi da ita?" na tambaya.

"A ƙwaƙwalwa ake ajiye masa, daidai inda ake gina wurin magana da wurin lissafi. Zaiba ba ta son maƙwabta."

Na rungume ƙwaryar a ƙirjina. "To ni zan riƙe. Na ɗauki abin da ya fi wannan nauyi, ban yi kuka ba."

"Mun ji labarin juriyarki, har a nan ana hirarta. Amma cibiya ba ta da maigadi, Malama. Abin da kika jure, tare kuke jure shi, shi kuwa ba a tambaye shi ba."

Tuna ya sunkuyar da kai, yana wasa da aljihunsa.

"Yaya ake ƙin gado?" na ce.

"A daina zuwa kullum," in ji akuyar. "Mu ba mu taɓa aika miki sammaci ba."

Sai ga ni a kan hanya, ƙwarya a kaina. Nauyinta ya danne min wuya, amma ban nemi kowa ya sauke ni ba. Zaibar ta fara bin ruwan nan tana tashi sama, ɗigo bayan ɗigo, a hankali ƙwarai. Wani jaki da ke sayar da inuwa a bakin titi ya ce, "Hajiya, hanyar da nisa fa."

"Na sani. Matsa min."

Ina cikin tafiya na ji ƙwaryar tana tari, tana kakari. Na buɗe ido. Famfon tsakar gidanmu ne ya kawo ruwa, mata sun fara karo da bokitai. Yaron ya shure ni a haƙarƙari, shuri mai ƙarfi.

Na leƙa ta taga na kira maƙwabciyata. "Maman Iklima, ki kama min layi! Kuma wake, awa nawa ake jiƙa shi?"

"Ke? Girki?"

"Tambaya na yi, ba hira ba."