Da Sauƙi

Shekarar Yaya uku a ƙasar, ta iya yaren mutanen har da zaginsu. Shi ya sa da ƙanwarta Auta ta zo karatu aka haɗa su ɗaki ɗaya, ita ce ta zama bakinta. Auta wata biyu kenan tana ajin koyon yare, abin da ta iya bai wuce gaisuwa da tambayar banɗaki ba.

Da sanyi ya kankama, murar nan mai kayar da ƙato ta shiga ɗakunan ɗalibai. Yaya ba ta yi mata wasa ba. Ta sayo takunkumi, ta kafa dokar wanke hannu, tana goge mariƙin ƙofa da makunnin fitila kamar wadda aka ɗauka aiki. Duk da haka ranar Litinin Auta ta dawo daga aji tana rawar ɗari.

Tsarin makarantar shi ne nas ta bugo waya kowace safiya. In jiki ya tsananta a turo mota, in yana lafawa a ci gaba da shan ruwa da magani a ɗaki. Yaya takan amsa tana ɗaura igiyar takalmi, ta waiga wajen gadon ta ce nas na tambayar ya jiki.

"Da sauƙi," in ji Auta daga cikin bargo.

Sai Yaya ta juya maganar cikin yaren mutanen, tsaf, babu ragi babu ƙari, ta sa kai ta tafi ɗakin gwaji. Haka aka yi Talata, haka aka yi Laraba. In ta dawo da yamma ta tarar da ita tana barci, sai ta ƙyale ta, ai barci ma magani ne.

Ranar Alhamis mantuwar katin shiga ce ta dawo da ita kafin azahar. Ta tarar da Auta zaune a ƙasa ta jingina da hita mai ɗumama ɗakin, leɓenta ya yi shuɗi, numfashinta sama-sama. Kofin shayin safe yana nan ko kurɓa ba a yi ba. Yaya ta zaro waya. Nan take ta kira motar asibiti.

Likitar, wata gajeriyar mata mai furfura, ta samu Yaya a barandar asibiti bayan awa guda. Ta ce murar ta sauka a huhu, duka biyun. An sa mata iskar numfashi, za ta tashi, amma da an ƙara yini ɗaya da wata maganar ake yi. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne yadda mai samun sauƙi jiya ta zama haka yau.

Yaya ta riga ta cika, jira take a ambaci nas ta sauke mata kwandon masifa. Sai likitar ta juyo mata da allon hannunta. Layi biyu ne, kowanne da kwanan wata: mara lafiya ta ce ta samu sauƙi, ta bakin yayarta. Yaya ta karanta, ta sake karantawa. Kalmominta ne, ko harafi ba a canja ba. Kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda.

Da ƙyar ta yi bayani. Ta ce ba ƙarya Auta ta yi ba, ita ma ba ƙarya ta yi ba. A wurinsu haka ake amsa gaisuwar mara lafiya, ba a kai ƙarar ciwo. Ita ce dai ta ɗauki gaisuwa ta miƙa wa nas a matsayin rahoto.

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ciro biro, ta ce za ta rubuta wa ma'aikatanta don kada su sake ruɗewa a kan yarinyar.

"To idan ciwon ya kai maƙura, me kuke cewa?"

Yaya ta buɗe baki, ta lalubi kalmar ba ta same ta ba. Abin da ya zo mata shi ne safiyar da mahaifinsu ya rasu, tana riƙe da hannunsa, kawunta ya sunkuyo ya tambaye shi ya jiki, mahaifin ya ce da sauƙi.

Likitar tana jira, biro a kan takarda.

"Shi ne dai," Yaya ta ce.