Rufin Tsohon Gidan Waya

Kafinta ya yaye rufin tsohon gidan waya kaf, tun bai ga ko falle ɗaya na sabon kwano da idonsa ba. Nan ya tafka kuskure. Duk wanda ya taɓa hawa gini da guduma ya san ba a buɗe abin da ba za a iya rufewa kafin faɗuwar rana ba, balle damina na bakin ƙofa. Amma mai aikin mijin ƙanwarsa ne, Ɗan Kwangila, kuma ya rantse motar kwanon na hanya.

Ginin ya girmi kowa a layin. A bangonsa akwai allon ƙarfe na hukumar adana gine-ginen tarihi, wanda ya hana a rushe shi. Da allon a jiki Ɗan Kwangila ya saye shi.

Mota ba ta zo ba, ruwa ya zo. Silin ya jiƙe ya yi tumbi, bango ya fara zubar da bawo. Kafinta ya wuce ofishin surukin nasa ko sallama bai yi ba.

"Ina kwanon?"

"Haba Yaya, zauna ka sha fanka mana. Kullum kai kamar an koro ka."

"Na ce ina kwanon?"

Ɗan Kwangila ya tura ƙofa da ƙafa, yana murmushi. "Yaya, kai fa babba ne. Doka ta hana ni rushewa. Ta hana ruwa sauka? Bari bango ya tsage, injiniya ya ce ginin haɗari ne ga masu wucewa, su da kansu za su ce in kawar da shi. Shaguna zan zuba a wurin. Aikin katakon duka naka ne."

"In aka tambaya wa ya yaye rufin fa?"

"To, wa ya yaye?"

Sai a lokacin Kafinta ya gane da hannunsa aka yanka ginin, kuma sunansa ne zai tafi da shi. Ya nufi ofishin hukumar. Wani akawu mai tsinken sakace a baki ya ce kwamiti zai zauna wata mai zuwa.

"Ka faɗa wa hadari ya jira kwamitin," in ji Kafinta, ya fice.

Washegari da sassafe ya jingina tsani a jikin shagonsa, ya hau ya fara zare ƙusoshin rufin. Matarsa ta fito da zane a hannu.

"Baban yara, lafiyarka kuwa? Injin naka fa? Ƙofofin mutane fa?"

"Ja musu leda."

"Ledar da ko keke ba ta rufewa?"

Ya ci gaba da zare ƙusa. Ya loda kwanon a amalanke ya tura. Da ya ga ba zai isa ba, ya dawo ya ƙwaƙule rumfar tsakar gidansa ya haɗa.

Ya ci rabin aikin rufe gidan wayar ƙanwarsa ta iso, tana haki, ta tsaya a gindin bango.

"Yaya, don Allah ka sauko. Aurena kake so ka kashe?"

"Ɗakinki da rufi, Auta. Koma cikinsa."

Bayan azahar gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Ɗan Kwangila ya zo da 'yan sanda, yana nuna sama da makullin mota, wai an shigar masa gini ba izini. Kafinta ya janye tsanin zuwa sama, ya kwantar da shi kusa da ƙafarsa.

"Malam, sauko!" in ji sajan.

"Ranka ya daɗe, lokacin da nake yayewa ba wanda ya kira ka. Sai yanzu da nake rufewa? Ka samu inuwa, ina zuwa."

Masu shagunan layin suka fashe da dariya. Wani tela ya miƙa wa sajan kujera. Ɗan Kwangila ya yi ta zagi har muryarsa ta dishe, guduma kuwa ba ta fasa ba. Rufin ya fito wani iri, nan ja, nan tsatsa, nan shuɗi, amma ba kafar da ɗigo zai bi. Yayyafi na dukan ƙeyarsa ya buga ƙusar ƙarshe, ya sauko da ƙafarsa, ya miƙa hannu aka sa ankwa.

Ƙarar da aka kai kotu ce ta tashi hukumar daga barci. Ta zo ta duba, ta ɗora wa Ɗan Kwangila gyaran ginin dole.

Ranar da aka ba da belin Kafinta, shagonsa ya fara zuwa. Ruwa ya kwanta a ciki har idon sawu. Injin gyaran katako ya ci tsatsa, ya ƙi tashi. Ƙofofin da mutane suka ba shi aiki sun kumbura sun karkace, masu su na tsaye a waje suna jiransa. Auta kuwa ta wuce ta gabansa a motar mijinta, ta ɗaga gilashi.