Buhu na Uku

"A hankali! Bayansa ne, ku bi a hankali!" in ji Gumsu, ana sauko da mijinta Hambali daga tasi a ƙofar gidansu a Kwaciri.

Maƙwabcinsu Dabo yana tsaye yana kallo. Abin kunya, ba tausayi ne ya fara zo masa ba, tasin ce ta tsaya masa a rai. Madam Felicia mai shagon siminti ce ta aiko da ita. Shi da ya yi zazzaɓi bara, ko sannu ba ta aiko masa ba.

Shekara ashirin suna dako tare a Sabon Gari. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka fito, kowa ya tashi gini, Felicia ba ta da sunan kira sai Hambali, don shi buhu biyu ake ɗora masa. Dabo da buhunsa ɗaya, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Ran nan ya ce a gaban jama'a, "Biyu kawai? Ai can unguwar Bata akwai mai ɗaukar uku." Ƙarya ce, babu shi. Hambali ya ce a ɗora. Aka yi ta tafi, daga ranar uku ya zama ƙa'ida.

"Likita ya ce gaɓoɓin bayan sun cinye juna," Gumsu ta gaya masa. "Wai kaya ne da shekaru. Har ya tambaya ko a gidansu akwai ciwon, na ce babansa ma a ranƙwashe ya rasu."

Dabo ya riƙe zancen gadon ciwon nan gam, amma bai ba shi barci ba. Ya san bakinsa ne ya ɗora buhu na uku, kuma dole ne ya nemi gafararsa tun da sauran numfashi.

Wata biyar yana jan ƙafa. Da ciwon ƙirji ya ƙaru wa Hambali kan kwanciyar, Dabo ya shiga zauren da aka shimfiɗe shi, ya durƙusa.

"Dabo, ka fi ni wayo," Hambali ya ce da ƙyar. "Dubi bayanka a miƙe."

Dabo ya buɗe baki ke nan sai ga Felicia da kwanon farfesu. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Baba Hambali, ka tashi mana! Duk Sabon Gari babu irinka."

Maganar da Dabo ya zo da ita ta koma ciki.

"Allah ya ƙara sauƙi," Dabo ya ce. "Sai gobe."

Kafin azahar ɗin goben aka ji kukan Gumsu.

A hanyar maƙabarta mutane suna ta karɓar makara daga kafaɗar juna, kowa ya sami lada. Dabo ya kama ƙafar gaba. Wani dattijo ya taɓa shi. "Malam Dabo, kawo a karɓe ka."

Ya girgiza kai. Hambalin ko nauyin buhu ɗaya bai kai ba. Ya gyara kafaɗa, ya ci gaba da tafiya, leɓɓansa suna motsi.